Wuyan Akuyar Kirsimeti

Shekara ashirin da wani abu ina kai wa Inna abincin Kirsimeti, kuma duk shekara kafin ta buɗe kwano sai ta yi mini tambaya guda: wa ya yanka?

Inna maƙwabciyata ce a gidan hayan da muka zauna a Gyadi-Gyadi. Ƙofarta na kallon tawa. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da muka sha cacar baki a kanta. Ta girme ni da kusan shekara goma. Mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Kano, mijinta direban babbar mota, kowa a gidan Baba yake ce masa. Mu kuwa daga Kudancin Kaduna muka zo, maigidana yana koyarwa a wata firamare a Tarauni, ni ina tuyar ƙosai a ƙofar gida. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na yi jika na shiga ajin manya, don haka yadda bakina ya saba faɗar magana haka zan rubuta ta.

A garinmu ba a cin Kirsimeti da ƙofa a rufe. Ranar jajibere babban namiji na gida shi ke yanka akuya. A gasa hanta a kai wa tsofaffi tun da zafinta. Kai da ƙafafu na mata ne, mu yi farfesu. Wuya kuwa na wanda ya riƙe wuƙa ne, ko jaririn gidan ya san ba a taɓa shi. Washegari in an taso daga sujada a coci, sai kwanuka su fara yawo, babu ƙofar da za a tsallake, har ta wanda ba kwa ga-maciji da shi. Wanda ya dafa ya ci shi kaɗai a ranar nan, sai an shekara ana nuna shi da baki.

Da wannan na zo Kano. Shekararmu ta farko ba mu da ƙarfin akuya, maigidana ya yanka kaji biyu a bayan ɗaki. Na dafa shinkafa da miya, na bi ƙofa-ƙofa da kaina. Kafin la'asar kwanukana sun dawo mini cike yadda na kai su. Wannan ta ce sun ƙoshi, waccan ta ce maigidanta ba ya nan. Inna ce kaɗai ta ɗauko nata ta zo har bakin ƙofata ta tsuguna.

"Ke 'yar Kudu, wa ya yanka kajin nan?"

"Maigidana mana. Ko hannunsa da dafi ne?"

"Ba dafi. Mu dai ba mu saba cin yankan da ba namu ba. Waɗancan kunyarki suka ji suka ce sun ƙoshi. Ni kuwa tun safe ƙamshin miyar nan ke damuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Baɗi ki kira Malam maigidana ya yanka muku, ki ga yadda zan suɗe kwano."

Kwana uku ban gaishe ta ba. Na ce wa maigidana mutanen nan ƙazamai suka ɗauke mu. Ya yi dariya, ya ce ni dai faɗa nake nema. Ya ce duk gidan nan mace ɗaya ce ta mutunta ni har ta gaya mini gaskiya, kuma ita na zaɓa in yi wa gaba. Ya ce wuƙa ce kawai, in miƙa ta ga wani zai sa maƙwabta su ci, shi ya miƙa.

Haka aka yi. Daga shekarar Baba ya riƙa tsara tafiyarsa yadda safiyar jajibere za ta same shi a gida. Ya wasa wuƙarsa a kan dutsen bakin famfo, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya juya akuya ta kalli gabas. Maigidana ya danne ƙafafu. Baba ya yi bisimillarsa a fili, maigidana ya yi tasa addu'ar da yarenmu a ciki. In an gama, Baba ya wanke hannu ya ce wa maigidana, "Malam, hakkina fa." Ashe a wajensu ma wuya na mai yanka ne. Ni ke dafa masa daban a ƙaramar tukunya, citta da masoro da barkono har sai ya yi gumi, in zuba a wani kwano mai shuɗin murfi da ba na sa komai a ciki sai shi.

Inna kuwa, da idonta take ganin yankan, wani lokacin ma ita ke miƙo ruwan wanke wuƙa. Amma ranar Kirsimeti in na yi sallama da kwanuka, sai ta ɗaure fuska.

"Wa ya yanka?"

"Tsohon mijinki mai rawar hannu."

"To kawo. Allah ya sa ba ki zabga gishiri irin na bara ba."

"In ya yi yawa ki dawo mini da abina, Bakanuwa mai ci tana ƙorafi."

Ba ta taɓa dawo mini da kwano wayam ba. Ko goro, ko daddawa, ko kuka mai kyau da aka aiko mata daga ƙauye. Da Babbar Salla kuma cinya guda take aiko mini. Satin Kirsimeti tare muke yanka cincin a kan faifai, ita ke yi wa 'yan biyuna kitso tana dungurinsu. In matan zumuntar cocinmu sun zo yi mana waƙa da tulu da kacau-kacau, tana zaune a bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa, tana cewa muryar mai ba da waƙarmu kamar ta akuyar da za a yanka gobe.

Akwai shekarar da gari ya rikice. Ba zan tsaya a kanta ba, wanda ya gani ya gani. Maigidana yana makaranta, samari suka shigo layinmu da sanduna suna tambayar ɗakunan arna. Inna ta fizgo ni da yarana ta tura mu uwar ɗakinta, ta jefo mana hijabai. Ina jin ta a bakin ƙofa tana cewa, "Sun tafi garinsu tun shekaranjiya." Suka ce ta rantse. Ta rantse. Bayan gari ya lafa na ga ba ta cin abinci da rana, na tambaye ta, ta ce azumin kwana uku take yi saboda rantsuwar nan. Ta ce kada in sake tayar da maganar. Ban sake ba, sai rana ɗaya, kuma da ma bakina ya ruɓe kafin ranar.

Shekarar da komai ya lalace, da damina ta fara. Maigidana ya faɗi a cikin aji, hawan jini, kafin a kai shi asibiti ya cika. Wata biyu bayan haka Baba ya kwanta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Mutumin da ke juya babbar mota ya koma sai an ba shi kunu a cokali. Da kaka kuma 'yan bindiga suka shiga garinmu. Wan maigidana, wanda muke kira Yaya, ya rasa matarsa da babban ɗansa a yini ɗaya, aka ƙone masa rumbu da ɗaki.

Farkon Disamba sai ga shi a ƙofata, da ƙullin kaya a leda da igiyar akuya a hannu. Baƙar akuya ce mai farin goshi. Ya ce a jeji ya tsince ta bayan kwana huɗu, ita kaɗai ta rage a cikin duk abin da ya mallaka. A bayan motar doya suka zo tare. Na shimfiɗa masa tabarma a falo, na ɗaure akuyar a bakin ƙofa. 'Yan biyuna duk sun yi aure a nesa, na hana su zuwa saboda hanya, don haka daga ni sai shi.

Yaya ba ya gaida kowa a gidan. In an kira salla sai ya ja bargo ya rufe kansa. Inna ta dama masa kunun gyaɗa ta kawo da kanta, ta tsuguna ta yi masa ta'aziyya, ya juya fuska bango. Kunun nan yana nan har ƙuda suka gaji da shi. Ni na zubar na wanke kofin, na ce mata ya sha ya gode. Yanzu da nake rubutawa na ga ashe tun daga kofin nan na fara.

Saura kwana uku Kirsimeti Inna ta same ni a famfo.

"Maman 'yan biyu, bana za ki yi kuwa?"

"Me zai hana? Mutuwa ta ɗauke mini miji, ba ta ɗauke mini tukunya ba."

"To tunda namu ya kwanta, ki ja akuyar kasuwar Tarauni mahauta su yanka miki. Kin san kuwa jiya da ya ji kukan akuyar nan sai da ya yi magana? Da ƙyar na gane. Wai wuya."

Muka yi dariya, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce sati biyu ke nan ba ya cin abin kirki.

Na gaya wa Yaya yadda muke yi a nan, na ce da hantsin jajibere zan kai akuyar kasuwa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da safiyar jajibere Inna ta sa aka ɗauki Baba a adaidaita sahu zuwa asibiti, ranar da ake gasa masa jiki ce. Sauran 'yan haya duk sababbi ne, leburori da masu tuƙa adaidaita, tun sassafe sun fice. Ni kuma na tafi injin markaɗe da tattasai da tumatir, na tarar da layi. Da na dawo ban ga akuya a bakin ƙofa ba. Na zaga lungun bayan ɗaki. Tana rataye a ƙusa, an feɗe ta, Yaya yana tsugune yana wanke hanji. Ya tona rami ya binne jinin kamar yadda ake yi a gida.

"Yaya, me ka yi haka?"

"Akuyata na yanka."

"Ba na ce maka mahauci zan kai wa ba?"

"Mahauci." Ya ɗago ya dube ni. "Irin hannun da ya kwantar da ɗana ba zai kwantar da akuyar nan ba."

"Baba ne ya je garinmu da bindiga? Mutumin da ko cokali ba ya iya ɗagawa? Ko mahautan Tarauni ka gani a can?"

"Gabas ɗaya suke kallo."

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Inna fa ita ta ɓoye ni da 'ya'yan ƙanenka."

"Matata ce ta raini akuyar nan tun tana 'yar kwana biyu, uwarta ta mutu, da tsumma take ba ta madara. Ni ne babba a gidanmu yanzu, ni kaɗai ma na rage. In ban yanka akuyar Kirsimeti ba, me na rage ina yi a duniya?"

A al'adarmu hakkinsa ne. Na ɗauki kwanon markaɗena na shiga ɗaki.

Ina da hanyoyi, kada wani ya ce ba ni da su. Da na iya dafa wa Inna shinkafa da kifi. Da na iya jiran ta dawo in ce mata, Inna, ga abin da tsohon nan ya yi, ki yi haƙuri da bana. Da ta ce Allah ya yaye masa, shi ke nan. Amma in na faɗa, sai na faɗi dalili, kuma ban so ta san cewa a falona akwai mutumin da ke ƙyamar inuwarta ba. Ban so a ce shekarar farko da maigidana ya kwanta dama abin da ya gina ya bi shi kabari ba. Ga kuma Baba da ya buɗe karkataccen bakinsa ya ce wuya. Sai na tuna wata rana da na ji shi yana gaya wa maigidana cewa a littafi ba a haramta musu yankan ma'abota littafi ba, sabo ne kawai da taka-tsantsan. Na kama wannan magana na riƙe gam. Da ma abin da zan riƙe nake nema.

Na yanke wuyan na ɓoye a ƙaramar tukunya.

Ranar Kirsimeti na je sujada da ankon zumunta, na yi waƙa da bakin nan nawa. Yaya ya ƙi zuwa, ya ce shi da Allah akwai maganar da ba su gama ba. Da na dawo na zuba shinkafa da miya a babban kwano, farfesun wuya a mai shuɗin murfi, na tsallaka tsakar gida na yi sallama.

Inna tana zaune a gefen katifar Baba. Ta dubi kwanukan, ta dube ni. Wannan karon ba ta ɗaure fuskar wasa ba, don ba ta ga yankan ba. Da gaske take tambaya.

"Wa ya yanka?"

"Mahaucin kasuwar Tarauni."

"Wanne ciki? Dogon, ko mai haƙorin Makka?"

"Dogon."

"Ai ya iya. Kuma ya bar miki wuya? Su da ba sa wasa da hakkinsu?"

"Na ce masa wannan na Baba ne."

Ta kama hannuna. "Allah ya yi miki albarka, Maman 'yan biyu. Allah ya ji ƙan maigidanki." Ta ɗaga kan Baba ta jingina shi da kafaɗarta. "Malam, ga hakkinka ya zo." Ta riƙa ba shi romon a cokali, rabi na shiga rabi na bin gefen baki, tana gogewa. Ya sha fiye da cokali goma. Ta murmushe masa naman da yatsa ya ci. Ita ma ta kai loma, ta ce bana gishirin ya yi daidai, ashe zaman takaba yana gyara hannu. Ina tsaye ina dariya.

Abin da na manta shi ne, wuya a wajenmu ma na mai yanka ne.

Bayan azahar Yaya ya tashi cin abinci. Na ji yana buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗaki ina cire ɗankwali, sai na ji muryarsa a tsakar gida, muryar da tun zuwansa ba maƙwabcin da ya ji ta.

"Ke! Ina wuyan akuyata?"

Na fito da gudu. "Yaya, shigo ciki in gaya maka."

"Ba na shiga! Ina wuya? Ni na yanka ta da hannuna, da sunan Yesu na yanka ta, kuma wanda ya yanka shi ke cin wuya tun kakanninmu. Gidana sun ƙone, matata sun kashe, wuyan akuyata ma sai an ba su?"

Inna tana bakin famfo. Kwano mai shuɗin murfi ne a hannunta, tana wankewa. Ba ta juyo ba. Ruwa ya cika kwanon yana zuba a ƙafarta, ta bar shi yana zuba. Can ta kashe famfon, ta kurkure bakinta sau uku, ta shige ɗaki ta saki labule.

Da la'asar na ji an ajiye abu a bakin ƙofata, ba sallama. Kwanukana ne biyu, an wanke su tas, an kife. Shinkafar tana cikin leda a gefe. Na ɗaga mai shuɗin murfin, ba goro, ba daddawa, ba komai.

Mace mai hankali da ta shiga ta durƙusa. Ni da zafina na shiga.

"Inna, don nama za ki yi mini haka? Shekara ashirin ina cin naman layyarku, na taɓa tambayar ki wa ya yanka?"

"Da kin tambaya da na gaya miki gaskiya."

Baba ya yi wani gurnani daga kan katifa, yana ɗaga hannun hagu. Da ƙyar kalmomin suka fito. Ba haram ba ne, yake cewa.

"Na ji, Malam, kwanta. Ba naman ba ne." Ta juyo gare ni. "Na tambaye ki wanne, kika ce dogon. Kika tsaya a kaina ina ɗura wa mara lafiya, kina dariya. Tun shekarar da kika zo gidan nan ban taɓa cin abu daga hannunki ina bincike ba. Tambayar nan da nake yi miki wasa ce, don na san amsar. Rana ɗaya tak na buƙaci amsar da gaske."

A nan ne na faɗi abin da har gobe nake jin ɗacinsa a harshena. Na ce, "Ke ba ki taɓa ƙarya ba ne? Ba ke kika rantse wa samarin nan ba?"

Ta dube ni ido cikin ido.

"Na yi. Su na yi wa, saboda ke. Ke kuma ni kika yi wa." Ta gyara wa Baba matashi. "Ki ja mini labulen in za ki fita."

Na koma washegari, na durƙusa, na ba da haƙuri yadda ya kamata tun farko. Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wanda ya zauna da Hausawa ya san irin wannan ba komai ɗin. Daga ranar gaisuwa ba ta yanke ba. Ina kwana, lafiya lau, ya mai jiki, da sauƙi. Amma ba ta sake ce mini 'yar Kudu ba. In na yi shanya na cinye igiya, sai ta ɗaura wata a gefe ba ta ce uffan ba. Na riƙa cinye igiyar da gangan ko za ta zage ni. Ba ta zage ni ba.

Yaya ya koma kafin sabuwar shekara, ya ce gara ya kwana a kangon gidansa. Na daɗe ina jin haushinsa. Amma in za a bi gaskiya, shi bai ɓoye wa kowa abin da ke ransa ba. Mugun abu ne ke ransa, na kuma san abin da ya sa shi a ciki, sai dai a fili ya ajiye shi. Bai taɓa ce mini in yi ƙarya ba.

Baba ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Kwana uku ina zaman makoki, ni ke hura wuta, ni ke wanke tukwane. Na lura in abinci ya fito daga hannuna, Inna sai ta ce ta ƙoshi. Kalmar da matan gidan suka faɗa mini shekarar farko, wadda ita ta ƙi faɗa. Da ta fita takaba ɗanta ya zo ya kwashe ta zuwa gidansa a Hotoro. Ranar tafiya ta bi ƙofa-ƙofa tana sallama, ta zo tawa ta ce a yafi juna, kamar yadda ta ce wa mai adaidaitan da bai fi wata biyu a gidan ba.

Da Kirsimeti ya zagayo na ja akuya da kaina har kasuwar Tarauni. Dogon na nema. Na tsaya a kansa ya juya ta gabas, na ji bisimillarsa da kunnena. Ya kai hannu zai cire wuya, na ce wannan ba naka ba ne, ɗauki wani wurin. Ya ce Mama, ai ba haka ake yi ba. Na ce yau haka za a yi. Na dafa da citta da masoro. Bayan sujada na hau adaidaita zuwa Hotoro da kwano mai shuɗin murfi a cinyata.

Ta karɓe ni da kyau. Ta sa surukarta ta shimfiɗa mini darduma, aka kawo ruwa mai sanyi. Ta tambayi 'yan biyu da jikoki ɗaya bayan ɗaya, har ta tambayi Yaya. Ta rame, ta fara amfani da sanda. Na tura mata kwanon gabanta, na gyara zama ina jira. Tun daga Gyadi-Gyadi nake maimaita amsar a raina.

"An gode," ta ce. "Allah ya maimaita mana."

Ta kira surukar ta ce ta juye a wani kwano ta wanko wannan.

"Inna, ba ki tambaye ni ba."

"Me fa?"

"Wa ya yanka."

Ta ci gaba da murza carbinta.

"In na tambaya, Maman 'yan biyu, me zan yi da amsar?"

Na ce dogon ne, wallahi dogon ne, ina tsaye a kansa, in tana so mu je kasuwar yanzu ta tambaye shi. Ni da ba a rantsuwa a addinina, na rantse mata da rantsuwarsu. Ta ce ai ba sai an je ba, ta yarda. Ta tambaye ni ko har yanzu famfon gidan yana yoyo.

Surukar ta kawo kwanon a wanke. Inna ta rako ni har bakin ƙofar gida tana dogara sanda. A cikin adaidaita na buɗe murfin, ko da ƙwayar goro ɗaya. Na mayar na rufe, na danne da hannu don kada ya riƙa ƙara a kan hanya.

Kirsimeti uku ke nan ina zuwa. Ban sani ba ko tana ci, ban kuma tambayi surukar ba. Bana ma akuyar tana ɗaure a bakin ƙofata, na riga na gaya wa dogon ya jira ni da hantsin jajibere.